Pwant ko kawucu a ƙarƙashin bafle, wanne ya fi?

Baban Nana: Salamu alaikum ƴan gida, ina da tambaya ga masana. Na samu bafle biyu na okaziyon, dogayen nan da ake tsayarwa ƙasa, kowane zai kai kilo 20, har da ampli ɗinsu. Salon ɗina nan Bukoki karo ne, metir 5 a kan 4. Matsalar da na ɗan ƙara sauti sai bas ya cika ɗakin da gurnani, wani abu kuma yana ta zzzz ban san daga ina ba, muryar mai waƙa ba ta fita tas. Wanda ya saida min ya ce wai don babu pwant ne a ƙasansu, ƙafafun ƙarfen nan masu tsini, ramukan bulon ɗin suna nan amma ƙafafun sun ɓace. Ya ce in ba shi kuɗi ya sa a kawo min daga Kotonu. Kafin in zubar da jikkunana, abin nan yana aiki ko ciniki ne kawai?

Mai Sono: Wa alaikumus salam. Sa pwant kawai Elhaji, kar ka tsaya dogon tunani. Ni wannan harkar ita ce cina ita ce shana, bafle in bai kafe ƙasa ba bas ɗinshi sakwai-sakwai yake fita. Ranar da na sa wa nawa na gida wlh har madam ta leƙo daga waje ta ce ko sabon ampli na sayo.

Sudur na Katako: Kotonu kuma? Hhhh Elhaji kawo bafle ɗaya in auna ramin, in ba bulon 6 ba ne to 8 ne, duk kusan haka suke zuwa. In wasa maka kai a injin, in sa goro biyu na ɗaurewa, kafin ka shanye shayin farko an gama takwas.

Na-Ader: Ku dakata ɗan kaɗan. Baban Nana karo kac ce ko? To ɗauko makulli ka ƙwanƙwasa karon inda bafle ɗin shike tsaye. In kaj ji ƙwal-ƙwal to akwai rami ƙasanai, mason bai cika siminti ba, kuma gidajen haya dut haka suke. Ka aza kilo 20 bisa tsinin ƙarhe nan wurin, wata rana yaro shi jingina, sai ka ji ɗas. Sannan kai da mai gida.

Mai Sono: Ai ba a aza tsinin kai tsaye a karo, ana sa ɗan faranti a ƙasa. In babu ka sa ƙwandalar dala ashirin, tana yi.

Malam Fizik: Salam ƴan uwa. Bari in ɗan tsoma baki don ina ganin abu uku muka cakuɗa wuri guda, gurnanin bas daban, zzzz daban, muryar da ba ta fita daban, kuma ina shakka in pwant zai warkar da ko ɗaya a ɗakin karo. Mu fara da inda abin ya fito. Pwant ya yi tashe ne wurin masu son kiɗa na Ingila, inda gidaje da yawa dandamalinsu katako ne an shimfiɗa kafet mai kauri bango zuwa bango. Bafle a kan irin wannan kafet lilo yake yi, sai aka yi mishi tsini ya huda kafet ɗin ya taka abu mai tauri a ƙasa. Aikinshi kenan, ya haɗa bafle da ƙasa. Masu talla suna cewa wai yana raba bafle da ƙasa tunda wurin taɓawar ɗan mitsitsi ne, wannan ba haka ba ne, ƙarfe a kan siminti jijjiga wucewa take yi abinta ko wurin taɓawar bai kai kan allura ba. Mu kuwa dal ɗin siminti ne a kan ƙasa, karo a bisa, ba abin hudawa.

Mai Sono: Malam da girmanka, amma kunnena ba ya min ƙarya. Lissafi daban ji daban.

Malam Fizik: Ban ce kunnenka ya yi ƙarya ba yayana, na yarda ka ji canji. Tambayata mi ya kawo canjin. Lokacin da ka sa pwant ka kwantar da baflen, ka tada shi, ka maida shi wurin da ba daidai da na da ba ko da taƙi ɗaya ne, ka ɗaga shi sama da santi 3 ko 4, ƙila ma ka sake ɗaure wayoyin baya. Kowane ɗaya cikin waɗannan yana canza sauti. Ga lissafin ɗaya ɓangaren: takardar bumar (babban bakin baflen mai fidda bas) da ke kai da komowa nauyinta wajen giram 20 ne, akwatin kilo 20. In ta tura iska gaba ita ma tana tura akwatin baya, dokar Newton ce ta uku, amma tunda akwatin ya fi ta nauyi sau 1000 to motsinshi ya gaza nata sau 1000. Takarda ta yi milimetir 1, akwati ya yi mikron 1. A ma'aunin sauti wannan 60 dB ne ƙasa. Ba na cewa sifiri ne, amma matsar da bafle rabin metir daga bango yana iya sauya bas da dB da yawa a wurin zamanka, to wanne za ka fara bi?

Ƙaramin Injiniya: Malam ina da ɗan ja a nan, ku yi haƙuri. Lissafinku ya ɗauki akwatin kamar dutse guda wanda ke motsi gaba ɗaya, alhali katakon gefe da na baya suna rawa nasu na kansu, kuma faɗinsu ya fi na takardar bumar nesa ba kusa ba, to ko motsin kaɗan ne ana iya jin shi musamman a bafle mai arha da ba a yi wa ƙarfafawa a ciki ba.

Malam Fizik: Gaskiyarka ƙanena, kuma ka taimake ni ne. Rawar katakon gefe matsala ce ta gaske, ɗora tafin hannu a gefen bafle ana kiɗa za ka ji ta. Sai dai maganinta a cikin akwatin yake, sanduna masu riƙe bango da bango, katako mai kauri, abin shanye jijjiga. Ƙafa tana can ƙasa, abin da za ta iya yi wa tsakiyar katakon gefe kaɗan ne.

Tsohon Teknisiyan: Assalamu alaikum yarana. Na karanta duka. Kowa na da rabon gaskiya amma akwai abin da ba ku faɗa ba, kuma shi ne abin da na fi gani a gidajen mutane tun zamanin da muke gyaran rediyo mai kaset. Karonmu ba ya kwanciya daidai. Akwatin bafle ƙasanshi shafaffe ne, in ka aje shi a karo mai tudu da kwari sai ya tsaya a kusurwa biyu ko uku, ta huɗun tana reto, da bas ya buga sai kusurwar nan ta riƙa sumbatar karo tana tashi, shi ne wani ƙarrr da za ka rantse bumar ce ta yage. To a nan pwant yana da amfani, ba don tsininshi ba, don yana da zare, kana murɗa kowace ƙafa har ta taka. Bulon mai kan roba ma zai yi wannan aikin. Shi ya sa murhu duwatsu uku ne, tukunya ba ta rawa a kan uku ko ƙasar ta karkace. Baban Nana sa yatsa a saman baflen ka tura shi gaba da baya, hagu da dama, ka faɗa mana.

Baban Nana: Baba na gwada yanzu. Na dama daram yake, na hagu yana ɗan ƙwas-ƙwas in na tura ta kusurwa.

Tsohon Teknisiyan: To ka ga ɗaya. Naɗe ƴar takarda ka cusa a kusurwar kafin a yi maganar sayen komi.

Mai Sono: Kun gani ko, Baba ma ya ce pwant na da amfani

Na-Ader: Baba cewa yay yi takarda ma ta isa, kai dai ka ji abin da kaka so hhhh

Maman Abdul: Ku maza kuna ta maganar bas, ba wanda ya tuna da mai goge ɗakin. Ni na mai gidana ƙasansu duk ya kumbura ya fara marmashewa saboda ruwan goge karo na kullum, katakon nan na garin katako ne da aka matse, da ya sha ruwa shi kenan ba ya komawa. Ko don wannan kaɗai a ɗaga su daga ƙasa. Amma don Allah ban da tsini a gidan da ke da yara masu rarrafe, kuma ƙafa uku da Baba ya ce ni tsoro take ba ni, dogon bafle in yaro ya kama shi zai miƙe ai kifewa zai yi a kanshi.

Tsohon Teknisiyan: Hajiya kin yi gaskiya, uku ba ta rawa amma ta fi saurin kifewa. Mai yara ya sa huɗu masu zare, in da hali a ɗaura wa baflen faranti a ƙasa wanda ya fi shi faɗi, ƙafafun su fita waje. Allah ya raya mana su.

Sudur na Katako: Wannan ma ina yi, fer pla biyu a gicciye, ƙafa a kowane baki

Admin: Sudur a rage talla a bari a gama muhawara tukuna 😂

Baban Nana: Na cusa takardar, ƙarrr ɗin hagu ya tafi gaskiya. Amma zzzz na nan, gurnanin ma na nan.

Malam Fizik: Madalla, saura biyu. Zzzz ɗin nan ina kyautata zaton ba daga bafle yake ba sam. Nemi aplikasiyon mai fidda sauti guda a telefon, akwai su kyauta da yawa, haɗa da ampli, rage sauti sosai tukuna don kar ka ƙona bumar, sai ka fara daga 30 Hz (Hz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne, ƙaramar lamba sauti mai kauri) kana hawa sannu sannu har 200. Duk abin da ke kwance-kwance a ɗakin akwai inda za ka kai ya amsa. In ya fara sai ka tsaya nan ka bi ɗakin kana dafa abubuwa da hannu, ƙofar ƙarfe, gilasan nako, kwanonin cikin bife, agogon bango, plafon, har kwanon rufi. Wanda ka dafa ya yi shiru shi ne ɓarawon.

Ɗan Ƙonni: Nawa fankar sama ce, murfin nan na wajen ƙugiya. Na kusa kai sifika wurin mai gyara a banza.

Na-Ader: Mu nan Tawa ƙohohin ƙarhe su ne bala'i, zahi shi buɗa su sanyi shi tsuke su, sakata ba ta taɓa zama daidai. Ɗan guntun robar cikin taya na liƙa ma tawa a bakin ƙyauren, shiru kaka ji.

Baban Nana: Kai jama'a! Wajen 60 da wani abu tagar nako ta kama kuka, gilashi biyu sun saki a maƙalinsu. Sannan a 85 haka bife ɗin madam ya karɓa, faranti da kofuna duk suna amshi. Na dafa tagar zzzz ya ɗauke ɗif.

Maman Abdul: Kar dai ka ce za ka fidda mata bife daga salon, ba ruwanmu

Baban Nana: Hajiya ni ina na isa, tsumma zan shimfiɗa ƙarƙashin farantan

Malam Fizik: To saura gurnanin, kuma shi ne babba. Ina baflen suke tsaye, kai kuma ina kake zama?

Baban Nana: Kowane a kusurwarshi, manne da bango, tebur ɗin tele a tsakiya. Ni kuma kujera tana jikin bangon da ke fuskantarsu, amma gaskiya yawanci a tapi nake zama in jingina da kujerar.

Malam Fizik: Ai ka gama ba da amsa da kanka Elhaji. Sauti na tafiyar wajen metir 343 a sakan, a zafin Yamai na watan Afrilu ma ya ɗan fi haka. Igiyar sautin 50 Hz tsawonta kusan metir 7, ta fi ɗakinka tsawo, ita ba ta ma san akwai wani tsinin santi 3 a ƙarƙashin bafle ba, bango take gani. Tsakanin kowane bango biyu masu fuskantar juna akwai sautin da ke kai da komowa yana taruwa, lissafinshi 343 a raba da ninki biyu na tazarar. Metir 5 ya ba ka 34 Hz, metir 4 ya ba ka 43, in plafon ɗinka metir 3 ne ga 57, sannan ninkinsu 69 da 86 da sauransu. Waɗannan su ne ke gurnani, kuma sun fi ƙarfi a jikin bango, sun fi ƙarfi ƙwarai a kusurwa. Kai ka sa bafle a inda ya fi tada su, ka kuma zauna a inda aka fi jin su. Ga ɗakunanmu bulo da siminti, ba sa shanye bas ko kaɗan, ba kamar bangon allo na gidajen Turai da Amurka ba da ke ɗan lanƙwasa ya rage wani abu. Jawo su daga kusurwa, kamar santi 60 daga bangon gefe, ka bar tazara a baya musamman in ramin iskarsu a baya yake, kai ma ka matso gaba kaɗan daga bango. Ka riƙa matsawa taƙi taƙi kana saurare da waƙa ɗaya. Akwai tarko guda: in fuskar bafle ta yi wajen santi 85 daga bangon baya, sautin da ya dawo daga bangon yana kashe na wajen 100 Hz, sai ka ji ganga ta rame. Wani injiniya Ba'amurke Roy Allison ya yi bayanin wannan tun shekarun 1970. Don haka ba wai iya nisa iya kyau ba ne, nema ake yi.

Ƙaramin Injiniya: Wanda ke da ordinater yana iya sauke REW, aplikasiyon na awon sauti, kyauta ne, da mikro na awo irin UMIK-1 sai ka ga tudu da kwarin ɗakinka a zane, ba sai ana gardama ba.

Ɗan Ƙonni: Kuɗin mikron ai ya sayi wata sifikar hhh

Tsohon Teknisiyan: Kar a manta da maganar muryar. Ya ce a tapi yake zama. Masu ƙera dogon bafle sun sa twita, ƙaramin bakin nan mai fidda siririn sauti, a tsayin kunnen mutumin da ke kan kujera, wajen santi 90 zuwa metir 1. Wanda ya zauna ƙasa ya jingina kunnenshi bai fi santi 60 ko 70 ba, wato sautin sama yana wuce ta kanshi, shi kuma yana fuskantar bumar. To in ka ƙara pwant ka ƙara ɗaga twitar, ka ƙara nisanta ta da kunnenka. Mu da muke zaman tabarma da tapi abin da ya fi mana shi ne a ɗan sunkuyar da baflen gaba, ƙafafun baya su fi na gaba tsawo kaɗan, ko kuma ka ja baya ka ƙara tazara. Kaɗan fa na ce, kar Hajiya ta kama ni da laifin kifar da bafle.

Maman Abdul: Ina nan ina kallonku Baba

Mai Etaj: Fofo jama'a, ku ba ni dama in shigo da tawa tunda maganar ta zo. Ni a bene nake haya wajen Yantala, ina da kaso, wato baflen nan na bas zalla, guda ɗaya a ƙasa, mutanen ƙasa suna cewa dum dum ɗin har cikin kansu ko na rage. Wani ya ce in sa pwant wai jijjigar ba za ta sauka ba. Daga bayanin Malam na gane akasin haka ne ko?

Malam Fizik: Akasin haka ne ƙwarai. Kai ne ma wanda maganar ƙafa ta shafa da gaske a duk zauren nan. Dal ɗin bene a rataye yake, ba kamar na Baban Nana da ke kwance a kan ƙasa ba, yana iya rawa, kuma sauti na gudu cikin kankare kusan ninki goma na gudunshi a iska, ya bi ginshiƙai ya fito a ɗakin wani. Kai abu mai laushi kake so, kawucu wato roba, ko sifirin, murɗaɗɗen ƙarfen nan mai lotsawa ya dawo. Amma laushin da lissafi. Bafle a kan roba yana da nashi sautin lilo, kuma robar ba ta fara tare jijjiga sai sama da wannan sautin da kamar sau ɗaya da rabi, a daidai kanshi kuwa ƙara ta take yi. Hanyar ganewa mai sauƙi ita ce ka duba nawa robar ta lotsa da ka ɗora nauyin. In ta lotsa santi 1 lilon na wajen 5 Hz, ya yi kyau sosai. In milimetir 1 ne wajen 16 Hz, ba laifi. In kuwa ɗaya bisa goma na milimetir ne to 50 Hz kenan, tsakiyar bas ɗinka, ka ƙara wa maƙwabta ciwon kai da kuɗinka. Roba ta gaske ma ta ɗan fi wannan lissafin tauri in ana jijjiga ta, don haka gara ka nemi mai lotsawa da kyau.

Na-Ader: Wato guntun tayar mota bai yi kenan, ni da nike shirin ba shi shawara

Malam Fizik: Tayar mota ta yi tauri da yawa ga kilo 15 ko 20. Kuma kar a shimfiɗa faffaɗar roba gaba ɗaya a ƙasan akwatin, roba sai ta samu gefen da za ta bultso take lotsawa, shimfiɗa guda mai faɗi tauri take yi. Ƙananan guntaye huɗu sun fi. Wasu na raba ƙwallon tenis biyu su kifa, wasu soson silifa mai kauri. Masu kuɗi akwai na kamfani, IsoAcoustics na Kanada ko Townshend na Ingila masu sifirin, kuma za ka ga suna sayar da su ne bisa nauyin bafle, dalilin kenan da na faɗa.

Tsohon Teknisiyan: Ƙara da cewa zafinmu na cin soso da roba. Abin da ka sa yau yana lotsawa, bayan rani biyu ya daskare ko ya narke ya manne da karo. A riƙa dubawa.

Mai Etaj: To in na yi haka shi kenan sun huta?

Malam Fizik: Za su samu sauƙi, ba za su huta duka ba. Roba na tare abin da akwatin ke turawa cikin dal kai tsaye, amma bas ɗin da ke cikin iskar ɗakin shi ma yana girgiza dal da bango, wannan ba ƙafar da ke hana shi. Bayan isha'i dai maɓallin ragewa ne maganin. In kana so ka gani da idonka sauke aplikasiyon phyphox a telefon, kyauta ne, ka kwantar da telefon ɗin a karo kusa da kason ka duba jijjigar kafin da bayan ka sa robar, da sauti ɗaya.

Ɗan Ƙonni: Ni ƙananan sifiku ne da ni a kan tebur ɗaya da talabijin, teburin har rawa yake. Roba ko ƙusa?

Ƙaramin Injiniya: Roba, ko ma ka sauke su daga teburin. Teburin katako mai rami ciki yana amsa sauti ya ƙara nashi. In za a yi maka ƙafa ta tiyo mai faɗi a cika ta da yashi busasshe, ban da mai laima don yana cin ƙarfen ta ciki, yashin ke hana tiyon ƙara kuma ya ba shi nauyi.

Sudur na Katako: Admin ka ga ba ni na kawo maganar ba 🤐

Mai Sono: Duk na ji, kuma ban ƙi maganar kusurwa ba, mu ma a wurin biki mun san in ka sa kaso a lungu bas na ƙaruwa. Amma ni har yanzu ina kan bakana, nawa baflen ban matsar da su ko ina ba, alama na yi da alli a ƙasa kafin in ɗaga su, kuma da pwant kalangu ya fi fita tsaf, kana jin bugun daban da amon. Ba duk abin da kunne ke ji ba ne mikro ke kamawa. Kamfanonin da ke sa pwant cikin kwalin bafle mai tsada duk mahaukata ne?

Malam Fizik: Ba mahaukata ba ne, masu sayensu da yawa kafet gare su, kuma da yawa cikin kamfanonin suna haɗo ƙafafun roba a kwalin don mai karo. Kai a kan mi naka suke?

Mai Sono: Tapi mai kauri, na Turkiyya

Na-Ader: To ai kai ka zama Bature ba ka sani ba! Naka lilo shikai bisa tapi, tsini ya huda ya kahe shi. Baban Nana karo tsirara gare shi

Mai Sono: Ko a karo ne zan ji bambanci, na yi imani

Malam Fizik: Wannan ana iya gwadawa. Masu binciken sauti Floyd Toole da Sean Olive sun yi gwaji a kamfanin kayan sauti na Harman a 1994, mutane ɗaya bafle ɗaya, makin da suka bayar suna ganin baflen ya bambanta da wanda suka bayar an sa labule, har da ƙwararrun ma'aikatan wurin. Ba rashin kunne ba ne, haka kan ɗan Adam yake, ni ma in na biya kuɗi zan ji daɗin da na biya. Sharaɗin kawai kar ka san wanne aka sa, ƙarfin sautin ya zama ɗaya daidai don wanda ya fi ƙara ko da 1 dB ne sai a ce ya fi daɗi, tsayin twita ya zama ɗaya, a maimaita sau goma a rubuta.

Baban Nana: Ni dai na jawo su daga kusurwa na matso da tapi gaba, gurnanin ya ragu sosai, na sa karatun Alƙur'ani muryar ta dawo tsakiya. Amma yanzu na dama ya tare hanyar shiga ɗakin kwana, ana nan ana shawara da hukuma. Sudur zan kawo maka ɗaya ka yi min huɗu-huɗu masu zare, amma kan roba nake so ba tsini ba, na baya su fi tsawo kaɗan yadda Baba ya ce.

Mai Sono: Sudur yi mishi da tsinin ma saiti ɗaya, ni zan biya. Asabar bayan la'asar mu haɗu gidan Elhaji in ya yarda, ku ɗaure min ido da rawani, in ban gane pwant sau takwas cikin goma ba shayi da nama a kaina.

Malam Fizik: Tara.

Mai Sono: Takwas Malam, kar ka cika son banza

Na-Ader: Ni ina Tawa ba ni zuwa, amma ku hwaɗa min wa za shi ɗaga bafle mai kilo 20 har guda biyu sau goma yana kwance bulon cikin zahin ga

Admin: Ƙaramin Injiniya mana, shi ne ƙarami

Ƙaramin Injiniya: Ina da jarabawa ranar Litinin 🏃